Mushe a Baki

Labaran ya danna babban yatsansa a leɓen karsanar, ya buɗe bakinta ya leƙa. Haƙoranta farare tas, a jere kamar an ja musu igiya. Da a ce wata ranar ce, da tuni ya cika wurin da surutu, ya gaya wa mai saye shekarunta da irin ciyawar da ta ci da rugar da uwarta ta fito. Yau kuwa sai ya saki leɓen, ya ɗaga yatsu biyu, ya yi shiru. Bafulatanin da ya kawo ta ya dube shi, mai saye ya dube shi, har ita karsanar ma ta juyo.

Ba wanda ya taɓa ganin Labaran dillali yana ciniki da yatsu a karar Wudil, kasuwar shanu, balle ran Juma'a da kasuwa ta cika. Ga shi kuma ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki kamar Buzu, alhali rana tana dukan ƙeya.

Abin da ya faru shi ne, a kasuwar da ta wuce wani bijimi ya kaɗa kai ya same shi a baki. Haƙorin gaba na sama ya ɗan ɓantare ta gefe, kaɗan ne, kamar ɓera ya gutsura. Amma tun daga ranar kunu mai zafi ya zama abokin gāba, ruwan randa ma haka, daga baya har iska in ta shiga sai ya ji kamar an caka masa basilla ta fito ta ido. Matarsa Hansai ta dafa masa kanumfari, ta jiƙa jar kanwa, ta daka tafarnuwa, duk a banza. Ɗantani wanzami ya turara masa hayaƙi har ya kusa shaƙe shi, da ya ga bai yi ba sai ya zaro awartaki daga zabira ya ce ga maganin da ba ya ƙarya. Labaran ya tashi ya bar masa takalmi ƙafa ɗaya, sai aike ya yi aka ɗauko.

Ba tsoron zafin cirewa yake ba. Tsoron Isyaku yake.

Isyaku ɗan kawunsa ne, taubashinsa, shi ma dillali ne a karar. Shekarun baya da jaki ya harbe shi ya zubar masa da haƙoran gaba, Labaran ne ya raɗa masa suna Ƙofar Gari, sunan ya bi shi har yara suna kira daga bayan danga. A cikin dariyar wannan ranar ce Labaran ya dafa ƙirji a gaban manyan kara, ya ce mutumin da sana'arsa duban haƙori ce bai kamata ya rasa nasa ba, shi dai ranar da aka ga giɓi a bakinsa ranar zai ajiye sanda ya bar kara. Mutanen kara kan mance inda suka ɗaure akuya, amma ba sa mance irin wannan magana. Shi kuwa Labaran ba gona gare shi ta kirki ba, ba wata sana'a ya iya ba. Da bakinsa yake ci da gidansa.

Isyaku ya matso yana dogara sanda, ya gaishe shi, ya tambayi gida da iyali da gajiya da zafin rana, duk a hankali, don ya ga ko zai amsa. Labaran yana ta gyaɗa kai.

"Kada ka damu, ɗan gwaggo," in ji Isyaku. "In ya fita ai ka koma kamar hajarka. Saniya ma ba ta da na sama, kuma ba wanda ya taɓa korarta daga kara."

Masu tsaye a wurin suka yi dariya. Mai saye ya gaji da cinikin bebaye, ya juya ya nufi wajen wani dillalin. Labaran ya mance, ya buɗe baki zai kira shi, iska ta shiga. Sai da ya dafa tozon karsanar kafin ƙasa ta daina juyawa. Da idonsa ya washe, ya tuna abin da Hansai ta gaya masa da safe, cewa matan da suka je kitso sun ce likitan haƙori na Kano ya zo rangadi, yana asibitin En'e, na hukumar gargajiya, kuma da yamma zai koma. A lokacin ya ce mata da Bature da Ɗantani duk awartakin ɗaya ne. Ita kuma ta ce to ko ba komai na Bature a cikin ɗaki ake yi, ba a bakin kasuwa ba.

Ya ce wa Bafulatanin da hannu ya jira shi, ya bi ta bayan rumfunan masu kifi don kada a ga inda ya nufa.

A asibitin mutane suna zaune a baranda, kowa ya tallafe kumatu. Wanda ya shiga sai ya fito da auduga a baki yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu. Labaran ya zauna a can ƙarshe, yana kallon ƙofa. Da aka zo kansa, wanda ya leƙo ya kira shi ashe Halliru ne, ɗan Malam Wali na Kausani, wanda Labaran ya taɓa saya wa ubansa shanun huɗa. Yanzu ya zama magidanci har da ɗan gemu, ya daɗe yana bin likitan, shi ne tafinta, shi ne mai dafa kayan aiki, shi ne mai taka inji. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Labaran ya amsa ta cikin rawani.

Ɗakin yana warin magani. Ga wata kujera mai matashin ƙeya a kusa da taga, ga wani inji mai matakin ƙafa kamar keken ɗinki amma ba zare, ga tasa a kan tebur da haƙoran mutanen da suka riga shi. Labaran ya kalli tasar sau ɗaya, idonsa ya fara aikinsa tun bai sa shi ba: wannan na tsohuwa ne, wannan na mai cin goro, wannan mai shi bai kai a cire masa ba. Ya ɗauke kai.

Likitan dogon Bature ne, kunnuwansa jajaye kamar an murɗe su, shi ya sa 'yan asibiti suke ce masa Jan Kunne in ba ya nan. Ya riga ya ɗauki awartakinsa tun kafin Labaran ya zauna, da alama tun safe aikin ke nan. Amma da aka sauke rawani ya sa ɗan madubi ya leƙa, sai ya ajiye awartakin. Ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya girgiza shi, ya shafa dasashi. Ya jiƙa auduga da wani ruwa mai sanyi ya ɗora, Labaran ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Likitan ya yi murmushi, ya ja baya yana kallon haƙorin ya karkata kai.

Labaran ya san wannan kallon. Kallon mai saye ne da ya ga karsanar da ta kwanta masa a rai yana so ya ɓoye. Nan da nan ya rufe bakinsa.

Halliru ya yi masa bayani a hankali. Ya ce likita ya gaji da cire haƙora, don shi abin da ya karanta a ƙasarsu gyaran cikin haƙori ne, har yana tattara labarin waɗanda ya yi wa don ya ga ko aikin yana ƙarko a ƙasar da ake cin goro da rake. Sai dai mutane ba sa zuwa sai haƙori ya ruɓe. Na Baba kuwa saiwarsa ɗaya ce, miƙaƙƙiya, mai ƙwari, irin wanda likita ke nema. Ya ce kowane haƙori yana da rami a ciki kamar ƙashi da ɓargo, a cikin ramin akwai wata 'yar jijiya, ita ke jin zafi da sanyi. Za a huda ta baya, ta wajen ganɗa inda ba mai gani, a kashe jijiyar a zare ta, a wanke ramin a toshe. Haƙori yana nan a wurinsa, ba giɓi.

Labaran ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya gyara zama, har ya jingina ƙeya. Sai kuma ya ɗago.

"In an kashe jijiyar, shi haƙorin fa?"

"Ya mutu ke nan, Baba. Amma yana nan tsaye."

"Ya mutu."

"I, Baba."

"Ba yanka."



Labaran ya sauko da ƙafafunsa daga kujera. Ya ce shi tun yana yaro a kara yake, kuma abin da ya mutu ba a yanka ba sunansa ɗaya ne a duniya, mushe. Mushe ko kare sai ya yi tunani kafin ya ci. Ta yaya zai riƙa yawo da mushe a baki, ya ci tuwo da shi, ya yi salla da shi, ya shiga sahu ran Juma'a yana gaisawa da mutane? Halliru ya ce ai farce da gashi ma ba su da rai kuma ana salla da su. Labaran ya ce farce bai taɓa hana shi barci ba. Abin da ya iya tashin magidanci zaune yana kiran sunan uwarsa, wannan rayayye ne, kada wani ya gaya masa wata magana.

Likita ya tambayi abin da ake cewa. Halliru ya fara fassarawa, ya tsaya, ya sake farawa. Bai san yadda ake cewa mushe da Turanci ba, sai ya ce Baba yana tunani ne.

Labaran ya naɗa rawaninsa ya nufi ƙofa. Yana ɗaga labule ya hango Isyaku zaune a gindin bishiyar dogon yaro shi da 'yan kara biyu, sun baje kamar masu jiran walima. Isyaku har da wani ɗan tsumma fari shimfiɗe a cinya, wai na karɓar haƙori ne, don a kai wa manyan kara su shaida. Labaran ya saki labulen. Ya dawo ya zauna a bakin kujerar, ba a ciki ba.

Can ya ce a tambayi Bature, in aka bar haƙorin haka ba a taɓa shi ba, me zai faru. Likita ya yi magana mai tsawo yana nuni da hannu. Halliru ya ce wai jijiyar ta riga ta kamu, ba ta warkewa. Nan da ɗan lokaci za ta mutu da kanta, ciwon ya lafa har mutum ya ɗauka ya warke, sannan ta ruɓe a ciki, fuska ta kumbura, a ƙarshe dole a cire.

"Da kanta za ta mutu," in ji Labaran.

"Haka ya ce."

"Yanzu dai da sauran numfashi."

"Ai ka ji da kanka da aka sa audugar nan."

Labaran ya dubi Halliru kamar yadda yake duban sabon makiyayi da ya tsaya yana kallon saniya tana shure-shure. "To me kuke jira? Dabba tana gargara kuna tsaye kuna Turanci? Ku kawo wuƙa."

Ya koma cikin kujerar da kansa, ya tuɓe rawani ya ɗora a cinya. Amma da likita ya wanke hannu ya matso, sai ya ɗaga masa tafi. Ya ce hudawa da wankewa da toshewa duk Bature ya yi, wannan fiɗa ce, kowa yana iya yi. Amma shi yankan sai hannun Musulmi, da Bisimilla, kuma a fuskanci gabas. Halliru ya ce a makaranta an koya musu cewa yankan ma'abota littafi ya halatta. Labaran ya nuna wani ƙaton littafi da ke buɗe a kan tebur, ya ce shi dai littafin da ya gani a wurin mutumin nan ke nan, kuma duk hotunan haƙora ne a ciki.

Wannan karon ba yadda Halliru zai yi, dole ya fassara duka. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya kawo saniya, ya kawo rago, ya shafa wuyansa da gefen hannu. Kunnuwan likita suka ƙara ja. Ya juya ya kalli taga, kafaɗunsa suna ɗan motsi, ya daɗe a haka. Da ya juyo sai ya kalli haƙorin, ya kalli tasar da ke kan tebur, sannan ya kalli Halliru ya yi masa wata gajeriyar tambaya.

Tambayar ita ce ko Halliru zai iya yin yankan. Shekara da shekaru yana tsaye a bayan kujerar nan, ƙafa a kan mataki, yana leƙe ta saman kafaɗar likita. In an tashi daga aiki yakan ɗauki haƙoran cikin tasa ya huda su ya gwada zura allura, likita kuma ya sani, don shi ya ba shi tsofaffin allurai. Burinsa a tura shi Ikko koyon aikin, an yi ta cewa baɗi. Amma bai taɓa sa allura a haƙorin da ke haɗe da mutum ba. Ya amsa da kai.

Saura gabas. Tagar ɗakin a yamma take, in aka juya kujera sai bakin Labaran ya koma cikin duhu, likita ya ce ba zai yi aiki da lalube ba. Aka yi ta ja da baya, a ƙarshe aka ga ba mafita sai baranda. Masu jiran layi suka tashi da kumburarrun kumatunsu suka taya ɗaukar kujera da inji da tebur. Abin da Hansai ta ce a cikin ɗaki ake yi, sai ga shi a fili, har masu wucewa zuwa kogi suna tsayawa da tuluna.

Isyaku ya taso da tsummansa. Da aka gaya masa abin da za a yi, ya ɓata fuska, don ba wannan ya zo gani ba. Sai kuma fuskarsa ta washe. Ya ninke tsumman ya sa a aljihu, ya ce ba a taɓa yanka babbar dabba ba mai riƙe ƙafa ba, ya tsuguna ya rungume ƙafafun Labaran. Labaran ya so ya shure shi, amma likita ya riga ya ɗaga masa leɓe ya soka allurar kashe zafi, hankalinsa ya koma can.

Leɓen ya yi nauyi kamar na raƙumi. Likita ya kawo wani ƙyallen roba mai 'yar huda, ya shimfiɗa masa a baki ya zuro haƙorin shi kaɗai ta hudar, ya ɗaure. Wata tsohuwa a layi ta ce an sa wa dillali takunkumi, ta yi dariya, ta riƙe kumatunta tana salati. Halliru ya hau taka inji, abin ya fara kuka kamar zanzaro a cikin kan Labaran. Garin haƙori yana tashi, yana wari kamar ƙahon da aka ƙona. Labaran ya kafa idonsa a kan rufin kwano, yana jin hannun Isyaku yana ƙara matse masa idon sawu duk lokacin da injin ya yi ƙara. Ya lura ba matsewar mugunta ba ce.

Injin ya tsaya. Likita ya goge, ya leƙa da madubi, ya matsa gefe. Da hantsaki ya ɗauko wata siririyar allura daga ruwan zafi, jikinta da 'yan ƙayoyi kamar ƙarangiya, ya miƙa wa Halliru.

"Malam," in ji Isyaku daga ƙasa, "in ka ɗora, kada ka ɗaga hannu sai ka gama. Ka san hukuncin."

Halliru ya sunkuya a kan haƙorin. Likita ya riƙe masa madubi da hannu ɗaya, ya ɗora yatsa biyu na ɗaya hannun a wuyan hannunsa, bai danna ba, ya ɗora dai. Halliru ya ja numfashi ya ce, "Bismillahi, Allahu Akbar." Mutanen layi suka amsa a hankali ba tare da kowa ya ce su amsa ba. Ya zura allurar, tana shiga kaɗan kaɗan, likita yana gaya masa kalma ɗaya ɗaya. Da ta kai wani wuri, duk da maganin kashe zafi, Labaran ya ji abu kamar walƙiya. Ƙafarsa ta harba, Isyaku ya tafi da baya ya zauna daɓas, amma bai saki ba.

"Ya motsa," in ji shi. "Ku shaida, da rai aka yanka."

Halliru ya murza allurar a hankali, ya jawo. A bakinta ga wani ɗan abu a nannaɗe, ja-ja, siriri kamar zaren da ya fita daga bakin zane, tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya ɗaga shi a rana. Mutane suka matso suna kallo. Wani ya ce yanzu wannan ɗan abin ne ya rufe bakin Labaran, abin da manyan kara suka kasa. Labaran yana ta nuni da hannu daga ƙarƙashin roba, ba wanda ya gane sai Isyaku, wanda ya ce tambaya yake ko jini ya fita. Halliru ya nuna masa 'yar auduga da ɗigon ja. Labaran ya lumshe ido, ya saki jiki.

Sauran aikin likita ya yi. Ya yi ta zura ƙananan allurai yana fitarwa, yana wankewa, ya sa auduga mai ƙamshin kanumfari a ramin, ya liƙe da wani farin abu kamar farar ƙasa. Da aka cire robar aka ba Labaran madubi. Ya yi murmushi da rabin baki, don ɗaya rabin bai dawo ba tukuna. Haƙori yana nan. Ya ja iska ta tsakanin haƙora, kaɗan da farko, sannan da ƙarfi. Bai ji komai ba. Ya nemi ruwan randa, ya kurɓa ya riƙe a baki yana kallon Isyaku ido cikin ido, sannan ya haɗiye.

Aka mayar da kaya ciki. Likita ya ce wa Halliru wata magana da Turanci yana goge hannu, ya dafa kafaɗarsa. Wannan Halliru bai fassara wa kowa ba. Ya tsaya a bakin tasar wanki yana wanke allura ɗaya, ya wanke ya sake wankewa, sai da Labaran ya yi gyaran murya sannan ya tuna da shi.

Halliru ya ja shi gefe inda na waje ba za su ji ba. Ya ce in likita ya dawo rangadi na gaba dole ya zo a cire audugar a cika ramin da ƙaro, kada ya ga ciwo ya tafi ya ƙi zuwa. Ya ce haƙorin zai iya ɗan yin duhu nan gaba. Sannan ya rage murya ya ce haƙorin da ba jijiya kamar busasshen icce ne, yana tsaye amma ba ya lanƙwasa. Ba gatsar goro da shi, ba ɓare rake, ba ƙashi. In ya karye, ba likita ba, ko wa aka kira sai awartaki.

Labaran ya ce har yaushe. Halliru ya ce har kullum, Baba.

Da Labaran ya fito, 'yan karar biyu sun riga sun yi gaba don su kai labari, Isyaku kaɗai ke jira. Suka kama hanya, rana ta take, mutane sun fara wucewa masallaci da buzaye a kafaɗa. Bakin Labaran ya buɗe kamar an cire wa kwalba murfi. Ya ce a gaya wa manyan kara sanda tana hannun mai ita. Ya ce wani jaki ne ya yi masa aiki, wani kuma Bature da tafinta, kowa da matsayinsa. Ya ce in sun isa zai nemo mai sayen nan ko yana cikin rijiya. Leɓensa na sama yana lilo, rabin maganar tana fita da yawu, bai damu ba.

Isyaku yana ta sauraro har suka zo gindin wata tsamiya. Nan ya tsaya, ya laluba aljihu ya fito da goro fari ƙato, ya goge a hannun riga ya miƙa masa.

"Ungo, na barka. Tun da an yi yanka lafiya, a gwada wuƙa."

Labaran ya karɓa. Goron yana da sanyi da nauyi, irin mai ƙara in an gatsa. Ya ɗaga shi har kusa da baki, harshensa ya taɓa ɗan farin liƙin da ke bayan haƙorin. Ya dubi Isyaku, ya kasa gane ko ya ji abin da Halliru ya faɗa ko bai ji ba. Fuskarsa ba dariya, jira kawai yake. Hanya ba kowa a kusa sai wata mai tallan nono da ta riga ta wuce.

Ya sa farce ya raba goron biyu, ya miƙa wa Isyaku ɓari ɗaya. Isyaku ya karɓa, ya karkata kai, ya tura shi can gefen baki ya ɓantara da na ciki, ya hau tauna ba wata wahala, kamar wanda aka haifa a haka. Labaran yana kallonsa har ya haɗiye. Ya juya nasa ɓarin a hannu, ya waiga hagu da dama.

"Isyaku," ya ce, ƙasa ƙasa. "Ta wane gefen ya fi sauƙi?"

Isyaku ya sake ɓantarar goron.

"Fara da dama," in ji shi. "Kuma ka rage girmansa, kai sabon shiga ne."